Tsarabar da Inna Ta Raba

Ana kiran assalatu motarmu ta bar tashar Gusau, ni da ƙanwata, za mu ƙauyenmu da ke bayan Nasarawar Burkullu a ƙasar Bukkuyum. Jakunkuna duk na bari aka ɗaure su a saman mota, amma akwai kwali ɗaya da na hana kowa taɓawa. A kan cinyata ya yi tafiyar.

Kayan wasan yara ne a ciki, na saya wurin wata maƙwabciyata mai zuwa Dubai saro kaya. Fale-falen roba ne masu launi, wasu kusurwa huɗu, wasu uku, an saka mayen ƙarfe a gefunansu. Da ka kusanta biyu sai su manne, a yi ta gini. Na ɗana na fari ne. Tun da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi, yanzu yana shekara shida, kuma Yaya yake ce mini. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jawo shi jiki a gaban mutane. Ina son yaron nan har cikin raina, kuma ba ni da hanyar gaya masa sai kwalin nan.

Daga Mayanci muka karkata zuwa Anka. Damina ta yi albarka, gero ya fi mutum tsawo, ramukan hanya ma sun samu nasu rabon ruwan. A Anka muka karya da fura da nono. Nonon ya yi kauri ga araha, har ƙanwata ta ce ashe a Gusau ruwa muke saye da sunan nono. Motar Gummi ce, don haka ta sauke mu a Nasarawa, muka hau a-kori-kura tare da 'yan kasuwa da wata akuya da ta ƙwallafa rai a kan kwalina. Ni da ita muka yi ta fama har gida.

Inna ta tarbe mu a tsakar gida. Ni ce 'yar farinta, don haka ni ma ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Ke waccan, kun iso lahiya? Kwalin ga hwa, na wa na?"

Yaron yana leƙe daga bayan rumbu, matan gida sun kewaye mu. Na ce, "Na yara ne."

Na shiga na yi azahar, na ci tuwo. Ina fitowa na tarar da Inna zaune a bakin ƙofa, kwali a gabanta, tana rabo yadda ake raba dabinon alhazai. Wannan ɗaya, wancan biyu, 'ya'yan maƙwabta, har da yaran rugar Fulani da suka rako uwarsu tallar nono. Nawa yaron ya samu biyu. Na koma ɗaki na zauna, raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da sai an haɗa shi yake zama gini, ga shi ya watse gida-gida, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi.

Da safe na ga yadda kowa ya yi da nasa. 'Yan mata suna kallon rana ta cikinsa, wani ya manna nasa a murfin langa, wani yana jan nasa cikin yashi yana tara baƙin garin ƙarfe. Yaron kuwa yana gindin dogon yaro da kayan wasansa na itace, waɗanda Kawu masassaƙi ya yi masa da ragowar iccen turmi: shanu, raƙumi, ƙaramin turmi da taɓarya, da wata mota mai ƙafafun katako. Ya jingina fale-falensa biyu, suka manne. Wani yaro ya kawo nasa, shi ma ya manne. Kafin hantsi labari ya zagaye unguwa, kowa ya taho da nasa, kuma da yake shi ne mai shanu, wurinsa aka taru.

Na shimfiɗa tabarma kusa da su, na ɗan ba su baya, ina magana da iska.

"Da ni ce, da na yi wa shanun nan shinge."

Bai kalle ni ba, amma aka yi shinge. Na ce motar nan ba ta da gada. Aka yi gada, ta rufta da raƙumi a kai, aka sake ta da ginshiƙai. Aka gina rumbu aka zuba masa tsakuwa. Da suka rufa wa shanun jan fale, rana ta ratso, fararen shanu suka koma ja, wata 'yar Fulani ta ce to yanzu kam sun yi tsada. Kawu ya zo wucewa, ya ga itace ba ya kama mayen ƙarfe, sai ya buga ƙusa a bayan motar, ta fara jan fale da kaya a kai. Da yamma kowa ya ɓalle nasa ya tafi, da safe a dawo a sake. Kwanakin nan na ji daɗinsu, don ban taɓa zama kusa da ɗana haka ba.

Ranar da za mu koma, muna sallama da mata a tsakar gida, sai ga shi ya cire nasa biyun daga shingen, ya jingina su suka zama 'yar bukka, ya ajiye ƙaramin turmin a ƙofarta.

"Yaya, wanga ɗaki naki na. In kin dawo nan za ki zamna."

Idon kowa yana kaina, ba damar in amsa masa. Na juya wurin Inna. "Inna, ki gaya wa mai ginin nan da hutun Sallah ina nan tafe, kada a rushe mini ɗaki."

Inna ta dube ni, ta dubi bukkar, sai a lokacin ta gane. "Ashe na maigidana na duka? Ke ko, da kin hwaɗi."

Na ce, "Inna, wa ya koya mini yin shiru?"

Ta yi dariya, ta goge ido da bakin gyalenta.

Da magariba muka shigo Gusau, jiki duk ya yi tsami. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, da kwalin ya isa hannunsa cikakke, da ɗaki zai shige da shi shi kaɗai, ni kuma ba ni da hujjar bin sa. Rabon Inna ne ya fito da wasan fili, inda uwa za ta iya shimfiɗa tabarma. Har yau ban kira sunansa ba, amma ina da ɗaki a wurinsa.