Baƙin Ruwa a Tankin A-kori-kura

Jama'a, yau saura ƙiris in ɗora wa bawan Allah sharri a banza!

Da safe na loda bandar kifi a motar Kawu, zan tari jirgin ƙasa a Malam Madori. Ina barin Haɗejiya motar ta fara tari. In na taka totur sai ta shaƙe, ta yi ta fizga. Nan take raina ya ba ni Ɗanjuma ne, direban Baturen gyaɗa, don jiya na gan shi yana zagaya ta.

Na lallaɓo da ita wurin makaniken hukumar En'e. Ya duba fulogi, lafiya lau. Ya kwance kafireta, sai ga ruwa baƙi ƙirin. Ya shinshina, ya ce, "Wannan ai tawada ce."

Muka tsiyaye tankin tas, muka zuba sabon fetur, ta tashi garau. Jirgi kam ya tafi.

Na iske Kawu a zaure, na ce, "Kawu, Ɗanjuma ya yi mana asiri."

Ya dube ni, ya ce, "Rubutun tsari ne, ni na karɓo na ɗura mata saboda bakin mutane. Ba kai na tambaya jiya ta ina take sha ba?"