Alkawarin da Na Kasa Amsawa a Coci

Ko da zan manta ranar aurena, ban ga abin da zai goge mini ranar da muka kai autana coci a miƙa shi ba. Yaron yanzu har ya fara yi mini musu, amma in na tuna ranar sai in ji kamar a gaban bagaden nake tsaye.

Mu Kiristoci ne, a Talata Mafara aka haife ni, a nan na yi aure. Ni kuwa a da, ba yabon kai ba, da wuya a samu wadda ta fi ni murya a zumuntar mata. Sai aka wayi gari 'yan bindiga sun ɗauke ƙanena a gona wajen Faru, ta can Maradun. Muka yi azumi, muka yi addu'a har gwiwoyina suka yi kanta. Bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba.

Daga nan masu ba da haƙuri suka buɗe kasuwa. Maƙwabtana Musulmi suka kawo nasu, 'yan coci suka kawo nasu, na tara haƙuri har na rasa inda zan ajiye shi. Wata dattijuwa a zumunta ta dafa ni ta ce Ubangiji ya fi mu sonsa. Na ce a raina, ikon Allah, ashe masu babura da bindiga ake aikowa da saƙon ƙauna. Tun ranar wani abu ya mutu a cikina. In na rufe ido zan yi addu'a sai in ji kamar ina magana da bango.

Amma fa ban fasa komai ba. A garin da kowa ya san wane ne ke zuwa masallaci, wane ne ke zuwa coci, ba ka da damar zama a tsakiya. Kowace Lahadi in wanke yara, in shafe su da mai, in kora su makarantar Lahadi. Kafin cin abinci in sa su rufe ido, ni kuma nawa a buɗe ina kallon kada kaza ta sa baki a miya. Na ƙware sosai, har ana ba da misali da ni.

Da na haifi autan nawa, lokacin miƙa jariri ya zo. Surukata ta taso daga Bakura da buhun shinkafa da rabin danginta, duk sun sha anko. Al'adar dai sananniya ce: a shiga da rawa, fasto ya karɓi jariri, ya tambayi iyaye ko za su rene shi cikin tsoron Ubangiji, su amsa tare, a yi guɗa, a tafi cin shinkafa. Da tare ake amsawar, da na motsa leɓe kawai na wuce. Sai dai fastonmu na lokacin yana da tasa dabara. Wai ya lura maza na laɓewa a bayan muryar matansu, don haka ɗaya bayan ɗaya yake tambaya, kuma da lasifika a bakinka. An shirya tarkon don maza, ni ya kama.

Maigidana ya amsa nasa da ƙarfi har lasifikar ta yi ƙara. Fasto ya juyo gare ni yana murmushi, ɗana a hannunsa.

"'Yar'uwa, kin yi alkawari a gaban Allah za ki koya wa yaron nan ya dogara ga Ubangiji, kamar yadda ke ma kika dogara?"

Wannan ƙarshen ne ya ɓata komai. Ban san wa ya aike shi ya ƙara ba. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Yi wa manya ƙarya ba ya ba ni wahala, na daɗe ina yi. Amma in yi rantsuwa a kan jaririn da bai san komai ba, yayyensa biyu na tsaye suna kallon bakina, wannan ya gagare ni. In kuma na yi shiru, na kunyata mijina a gaban uwarsa da duk ikilisiya.

Coci ya yi tsit, sai ƙarar janareta a waje. Mai ganga da ya ɗaga sanda yana jiran amsata ya tsaya da hannu a sama. Fasto ya bubbuga lasifikar, a zatonsa ita ce ta lalace, bawan Allah. Maigidana ya taka mini ƙafa. Daga benci na gaba na ji surukata tana cewa, a muryar da ita take ɗauka raɗa ce, "Wagga ɗiya mi ya same ta? Ku kawo man zaitun, jego ya taɓa mata kai!"

Sai babbar 'yata, wadda ba ta wuce aji uku a firamare ba, ta yi ɗage ta kama hannun fasto ta jawo lasifikar.

"Mun yi alkawali!" ta ce.

Aka fashe da dariya, mai ganga ya sauke hannunsa, aka rangaɗa guɗa. Fasto ya ce ai Ruhu ne ya yi magana ta bakin yarinya. Kowa ya samu mafita, har da shi. Aka ci shinkafa, surukata ta shafe mini goshi da mai har yana ɗiga a hanci, ta kuma ba da umarni in riƙa shan kunun kanwa.

Da yamma baƙi sun watse, ina wanke tukwane a tsakar gida, yarinyar ta zo ta tsuguna kusa da ni tana wasa da kumfa. Na shirya yi mata faɗan shiga maganar manya, sai ta riga ni.

"Mama, ke ma hushi kike da Yesu?"

Na ce, "Wa ya gaya miki wannan magana?"

"Ba kowa. Ni ma ina hushi da shi tun da anka tafi da Kawu. Kullum sai na gaya mishi. Amma ban gaya miki ba, don ke ba ki hushi da shi."

Na ajiye soson. Wato duk wannan lokacin da nake ta wasan kwaikwayo don in kare bangaskiyar yarana, yarinyar nan tana ɗauke da irin kayana ita kaɗai, tana ɓoye mini don tana ganin uwarta waliyyiya ce. Ni da ita muna kwana a ɗaki ɗaya, kowacce na yi wa 'yar'uwarta ƙarya saboda ƙauna. Na jawo ta jikina da hannuna duk sabulu, na ce mata e, ina fushi, kuma wani lokaci ban ma san ko yana jina ba. Ba ta firgita ba. Ajiyar zuciya ta yi, irin ta wanda ya sauke tulu.

Har yau ina kai su coci, kuma har yau ban gama sasantawa da Wanda ake zuwa dominsa ba. Abin da ya canza shi ne, in sun tambaye ni abin da ban sani ba, ina ce musu ban sani ba. Na koyi cewa shakkar uwa ba ta kashe wa yaro addini. Abin da ke cutar da shi shi ne ya duba fuskar uwarsa ya ga babu wurin da zai ajiye tasa tambayar.