Mawaƙin da Na Mayar Ɗan Fashi

Edita, ina roƙon fili in faɗi wani kuskure da na tafka da bakina, wanda ban san na yi shi ba sai bayan shekara goma sha biyar, kuma a wata ƙasa.

A wancan lokacin ni matashi ne mai gabatar da shirye-shirye a wani gidan rediyo a Arewa. Babu abin da nake taƙama da shi kamar fassara. An horar da mu kada kalmar Turanci ta fita daga bakinmu sai mun ɗinka mata rigar Hausa, kuma ni na fi kowa zafi a kan wannan. Kowace Lahadi da hantsi ina da shirin waƙoƙin kantiri, waɗanda mutanenmu ke ce wa kiɗan kaboyi. Direbobi da teloli da tsofaffin ma'aikata su ne jama'ata. Da yawansu ba sa jin abin da mawaƙan ke faɗa, don haka abin da na gaya musu shi ne gaskiya a wurinsu.

Wata Lahadi, saura minti goma in shiga ɗakin watsa shiri, na zaro faifan wani mawaƙi Ba'amurke daga ma'ajiyarmu. A bayan kwalin an kira shi da kalmar outlaw. Na buɗe ƙamus a tsaye, na ga ma'ana ta farko: wanda doka ke nema, ɗan fashi. Na dubi hotonsa, ga gemu buzu-buzu, ga baƙar malafa, ga ido kamar bai taɓa dariya ba. Ban ƙara neman komai ba. Da aka kunna mini jar fitila, alamar an fara shiri, na shaida wa masu sauraro cewa yau za su ji muryar wani gawurtaccen ɗan fashi na ƙasar Amurka. Da na ji maganar ta zauna daidai a kunne, sai na ƙara mata gishiri, na ce tare hanya yake yi, kuma a maɓoyarsa yake tsara waƙoƙin. Ranar aka yi ta bugo waya ana yaba shirin. Na maimaita labarin a makonni da dama, babu wanda ya gyara mini, har ni ma na yarda da shi.

Bara na zo Birmingham karatun digiri na biyu a fannin yaɗa labarai, na kama ɗaki a unguwar Perry Barr. Wata Asabar wata 'yar garinmu, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a unguwar Erdington, ta gayyaci mu ɗalibai cin tuwo. Mahaifinta ya zo daga gida an yi masa aikin yanar ido, kuma saura kwana takwas ya koma. Dattijo ne mai barkwanci, tsohon direban tirela, yana zaune a falo da baƙin tabarau saboda likita ya hana shi kallon haske. Ya yi ta tsokanarmu, wai mu masu zuwa uni, wato jami'a, mun baro rana mun zo muna biyan kuɗi a jiƙa mu da ruwan sama. Da na gaishe shi ya ɗan karkato kai, ya ce ɗan nan, muryarka kamar na san ta. Na ce wataƙila kama ce.

Ana cikin hira 'yar tasa ta ce Baba ya ishe ta da wani amo da yake yi a maƙogwaro tun da ya zo, ta tambaye shi waƙar mene ne ya ƙi faɗa. Sai dattijon ya ba mu labari. Ya ce yana da ƙane wanda suke tuƙi tare, shi ya ba shi wani kaset na kiɗan kaboyi da ya samo a wurin wani Bature injiniyan hanya, ƙanen ya rubuta sunan mawaƙin da hannunsa a jiki. Bayan 'yan watanni 'yan fashi suka tare ƙanen a hanya suka kashe shi. Kaset ɗin ya zama abin da ya rage masa, shekara da shekaru yana cikin motarsa, duk tafiya sai ya saka. Wata Lahadi yana tuƙi ya ji mai gabatar da shiri a rediyo ya ambaci sunan mawaƙin, ya ce ɗan fashi ne mai tare hanya. Ya ce ji ya yi kamar ya shekara yana ba makashin ƙanensa wurin zama a gaban mota. Da ya iso wata gada ya zare kaset ɗin ya wurga a kogi. Amma waƙa guda ta ƙi fita daga kansa, kuma duk lokacin da ya kama kansa yana rera ta sai ya yi istigfari.

Ya faɗi sunan mawaƙin. Lomar da ke hannuna ban san yadda ta koma kwano ba. Ban ce uffan ba har muka tashi, don yanzu tsoron muryata nake ji.

A cikin bas na ciro waya na bincika, abin da ya kamata in yi shekara goma sha biyar da suka wuce ko da a littafi ne. Kafin mu kai Perry Barr na gama sanin komai. Mutumin nan bai taɓa tare hanyar kowa ba. Laƙabin an ba wa wasu mawaƙa ne da suka yi wa manyan kamfanonin faifai bore. Kamfani ne ke zaɓa wa mawaƙi waƙa, ya zaɓa masa makaɗa, har da irin kwat ɗin da zai sa. Su kuwa suka ce da makaɗansu za su yi aiki, kuma yadda suke so. Dokar da suka karya ke nan, dokar kamfani. Da na ce ɗan tawaye ko mai kunnen ƙashi, da na yi daidai. Kalmar tana nan a ƙamus ɗin, layi na biyu, ni ne ban sauka ba.

Abin mamaki, bayan kunya abin da ya taso mini zumuɗi ne. Kwana takwas gare ni, kuma akwai abin da zan iya gyarawa. Na tattara waƙoƙin mawaƙin da ke intanet na tura wa 'yar dattijon, na ce ta gaya masa an yi wa mutumin ƙazafi ne, ban ce wa ya yi ba. Washegari ta kira ni tana dariya, ta ce Baba ya saurara ya ce wannan wani ƙato ne mai muryar ganga, nasa mawaƙin muryarsa siririya ce kamar ta saurayi, kuma jita ce kawai da ɗan kiɗa a baya. Ya ce kada a kawo masa jabu don an ga idonsa a rufe.

Nan na gane kaset ɗin na waƙoƙin farkonsa ne, tun kafin gemu da malafa. Na kwana biyu ina karatu a kansa fiye da yadda na taɓa yi wa darasin uni. Ashe ya fara ne yana matashi, yana yawo ƙananan garuruwa da jita a bayan mota, yana waƙa a wuraren rawa inda hayaniya ta fi kiɗa ƙarfi. Wani ƙaramin kamfani na garinsu ya naɗi waƙoƙinsa a ɗaki guda, aka buga kaɗan, kamfanin ya mutu, waƙoƙin suka ɓace. Sai kwanan baya wasu masu sha'awar tsofaffin kiɗa suka gano ainihin zaren naɗin, suka wanke sautin, suka sake fitar da su a faifan CD kawai, ba su sa a intanet ba. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki har maƙwabcina ya buga bango. Sai dai in na yi oda ta gidan waya, faifan zai iso bayan dattijon ya tashi. Na bi shagunan tsofaffin faifai da waya ɗaya bayan ɗaya, na Birmingham duk babu. Ranar Laraba wani mai shago a Manchester ya ce yana da guda ɗaya tak, zai ajiye mini zuwa gobe da la'asar, bayan nan wanda ya riga zuwa shi ke da shi.

Ranar Alhamis na yi fashin lacca, na hau jirgin ƙasa. Ban iya zama ba, ina ta duba agogo kamar mai jiran a kunna masa jar fitila. Shagon yana ƙarƙashin wani tsohon gini, ana sauka da matakala, yana warin tsohuwar takarda. Mai shagon wani Bature ne mai furfura da ɗankunne. Ya tambaye ni yadda aka yi ɗan Najeriya ya san wannan faifan, wanda ko a nan sai ɗaiɗaiku. Na gaya masa direbobinmu sun fi shi sanin kiɗan kaboyi, sannan ban san dalili ba na kwashe labarin duka na ba shi. Da na zo wurin ɗan fashi ya yi dariya har ya riƙe kantar shagon, ya ce da mawaƙin ya ji da ya so abin, don ya fi tallar da kamfani ya yi masa. Da na zo wurin gada sai dariyar ta tsaya. Ya saka faifan ya ce in saurara kafin in saya. Waƙa ta ɗaya ba ita ba ce, ta biyu ma haka. Ta huɗu na farawa na ji amon nan na maƙogwaron dattijo, daidai da shi, har inda yake ɗan jan numfashi. Na ce ita ce da Hausa, da ƙarfi, har wasu masu duba faifai suka waiwayo. A kwalin ga hoton wani saurayi siriri, haɓa a aske, da kwat da ta yi masa yawa.

Ranar Juma'a bayan masallaci na nufi Erdington. Sai a ƙofar gidan muka tuna babu na'urar saka faifai a ciki, sai a tsohuwar motar 'yar tasa. Muka riƙo dattijon muka fito da shi, ya ce shi ba ya zama a gefen mai zaman banza, aka sa shi a kujerar direba. Ya ɗora hannu biyu a sitiyari, motar tana tsaye a bakin titi, ana yayyafi. Na danna waƙa ta huɗu. Bai motsa ba har ta ƙare, sai yatsunsa da ke bugun sitiyarin. Ya ce a maimaita. A karo na biyu ya bi ta da bakinsa, da Turancin da ba Turanci ba, irin wanda kunne ya haddace, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin tabarau. 'Yar tasa a baya tana cewa Baba likita fa ya ce kada ka murza idon.

Sai ya ce in karanta masa abin da aka rubuta a ɗan littafin da ke cikin kwalin. Na fara fassarawa, kuma ban ankara ba muryar aiki ta dawo mini, da tsayawarta da saukarta. Na karanta tarihin saurayin, na zo kan kalmar, na ce ɗan tawaye. Na ajiye littafin na ce Baba, ni ne na faɗi wancan a rediyo, kuma ƙarya na yi. Ya ce ya sani. Ya ce tun ranar tuwo, daga yadda na ja sallama ya gane ni, mutumin da ya shekara yana jin murya a cikin mota ba ya mance ta, balle yanzu da kunne ne idonsa. Ya ba da labarin ne da gangan a gabana, ya ga ko ni ɗan halak ne. Ya ce da na bar shi ya hau jirgi ban yi magana ba, da ya tafi da faifan ya bar ni da Allah.

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe nasa, amma shi ɗaya ne cikin masu sauraro, kuma mawaƙin ma yana da haƙƙi a kaina ko da ba zai taɓa jin sunana ba. Ƙaryar da aka yi a rediyo, in ji shi, ba a cikin mota ake janye ta ba. A daren tafiyarsa na naɗi gyara na minti uku na aika wa tsohon gidan rediyonmu, suka saka a shirin Lahadi. Wannan wasiƙa ita ce sauran gyaran, don waɗanda ba su ji ba.

Na yi murna a wannan mako fiye da yadda na yi ranar da aka ba ni gurbin karatu, amma ba na ruɗin kaina. Na mayar masa da waƙar, ban mayar masa da kaset ɗin ba. Rubutun hannun ƙanensa yana ƙarƙashin wani kogi, kuma shekara goma sha biyar ya yi yana neman gafarar Allah a kan waƙar da ba ta da laifi. Duk wannan saboda na ƙi sauke idona zuwa layi na biyu, kuma na ji daɗin yadda ƙaryar ta yi amo.

Ina kira ga 'yan'uwana masu fassara, na rediyo da na jarida da masu yi a waya yanzu: wanda ba ya jin harshen ya ba ku amanar kunnensa ne, ba shi da hanyar bincika ku. In ba ku tabbatar da kalma ba, ku ce ba ku tabbatar ba, babu wanda aka taɓa kora don wannan. Kada ku fassara mutum daga hotonsa, kada ku ƙara abin da ba a rubuta ba don shiri ya yi armashi. Kuna magana ne a ɗaki ku kaɗai, amma wani yana can yana tuƙi, ya kusa isa gada.

'Yar dattijon ta ce mini yanzu faifan yana cikin motar jikansa, kuma Baba ya sa an rubuta sunan ƙanensa a jikin kwalin.