Tsayuwar Franyel

Mahaifinmu, Eligio Peguero, direban tarakta ne a gonakin rake na garinmu Consuelo har ƙarfinsa ya ƙare. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya ce maka shi ɗan besbol ne, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, da ba a ɗauka ba.

Ni na fi kowa riƙe labarin a gidanmu. Yana saurayi wani mai neman 'yan wasa ya zo daga Amurka, aka jera masa samarin gari. Da aka zo kan Baba, mai jifa ya jefo masa ƙwallo huɗu duk a karkace. Baba ya ƙi kai musu duka, ya ajiye sanda ya taka zuwa zangon farko, inda hanyar cin maki take farawa, kamar yadda dokar wasa ta ba shi dama. Baƙon ya ce shi duka ya zo gani ba tafiya ba, ya kira na gaba. Shi ke nan.

Don haka darasi ɗaya yayana Franyel ya tashi da shi. A bayan gida, da sandar tsintsiya da murfin jarkar ruwa, Baba yana jifa yana cewa, "Duk abin da ya taho, maka masa, ko ta bayan kunnenka ya bi." Kowane uba a Consuelo haka yake koya wa ɗansa.

An ɗauki Franyel. Ya tafi ƙananan ƙungiyoyin Amurka, inda ake renon 'yan wasa kafin babbar gasa, inda kuma ake sallamar mutum yau, jibi a gan shi a gari yana kabu-kabu da babur. Bara sai ya canza. Muna kallonsa a wayata, zai tsaya da sanda a kafaɗa, ƙwallo na wucewa yana bin ta da ido.

Baba ya kira shi. "Kai, idonka ne ya lalace? Faɗa min gaskiya."

"Lafiyata lau, Baba. Su suka ce in jira mai kyau."

"Su wa? Masu neman dalilin koro ka?"

Har wasan domino a shagon abokinsa Ulises Baba ya daina zuwa, tun ranar da Ulises ya ce masa, "Kompadre, aminina, ɗan naka soja ya shiga ne? Na ga kullum a ƙame yake." A ɓoye Baba ya je ya nema wa Franyel aikin gadi a matsar rake. Mama ta kama shi yana shafe ɗakin baya da fenti, yana shirin ranar da za a koro Franyel.

Kafin kakar wasa ta buɗe, masu lissafi kan zuba alƙaluman kowane matashi a kwamfuta, ta ƙiyasta abin da zai zama nan gaba, sannan su jera talatin mafi alamar nasara a kowace ƙungiya. Franyel bai taɓa shiga ba. A ganin Baba, in bana ma babu shi, da shekarunsa ashirin da biyu, to ya gama.

Da safe jerin ya fito, muna zaune a baranda. Baba ya ce in fara daga ƙasa, don in ma yana ciki a can zai maƙale. Na karanta na talatin, na yi ta hawa. Da na kai na ashirin babu sunansa, Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Bar shi haka, Yokasta."

Ni kuwa ba na barin karatu a rabi. Na ci gaba, shi yana bakin ƙofa.

"Baba, ga shi. Na tara."

"Akwai Peguero da yawa a duniya."

"Franyel, daga Consuelo. Franyel nawa gare ka?"

Ya dawo ya zauna a hankali. Da Turancina na sakandare na fassara masa bayanin: dukansa ba shi da yawa, amma ba ya bin jifa marar kyau, kuma a tsaransa babu wanda ya kai shi isa zangon farko. Suna sa ran za a ɗaga shi mataki na gaba.

"Wato tsayuwar ce suke so?"

"Ita ce, Baba."

Ya daɗe yana juya hular a hannu. Sannan ya ce in kira masa yaron.

"Ka gani, Baba?" in ji Franyel.

"Na gani. Saurara, daga yau in na yi maka maganar sanda, ka ce to, ka yi abin da suka ce."

"Ai haka nake yi tun bara."

"Ja'iri," in ji Baba, yana share ido da bayan hannu. Ya miƙo min wayar, ya leƙa kicin wajen Mama. "Minerva, akwai sauran kirɓaɓɓiyar ayabar nan? Yau yunwa nake ji."