Waƙar Mai Gyaran Rediyo

Shagon mai gyaran rediyo manne yake da shagon ɗinkina, don haka ba da son raina na haddace waƙar nan ba. Ta wani tsohon fim ce, inda wani bawan Allah yake roƙon Ubangiji ya share masa zuciya. Da ita dattijon yake gwada duk rakodar da ya gyara. Ko gidanka ne ke ci da wuta, ba zai miƙo maka kayanka ba sai waƙar ta kai ƙarshe, kuma dole ka sha fassara.

"Ka ji abin da yake roƙo?" zai ce, yana nuna ka da sukudireba. "Ba dukiya ba, ba ma Aljanna ba. So yake a goge masa komai, har sunansa, kada a bar kowa sai Allah. Shi ne sufaye ke kira fana'i. Kaset ma sai an goge shi ake ɗora sabon karatu."

Mu kuwa mu ce to a fara goge masa surutu.

Sai mantuwa ta sallamo. Ta fara da tabarau, ta koma hanyar gida, ta kai ga sunayen mutane. Hannunsa ne kawai bai manta ba. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. 'Yarsa, wadda ita kaɗai Allah ya ba shi, ta samo dabara: kullum da safe sai ta tsinke wata 'yar waya a cikin tsohuwar rakoda, ta kawo masa ya gyara.

Kafin ta shiga takan tsaya a ƙofar shagona, rakodar a ƙirji. "Kawu, yau zai gane ni kuwa?"

Sai in yi kamar zare ne ya sarƙe. Wata rana ta ce, "Tsoro nake ji ko addu'ar nan aka karɓa. In komai za a goge, ai har da ni." Tun daga ranar, da na ji an kunna waƙar sai in tsayar da ɗinki in kasa kunne.

Safiyar da muke gudu ta zo. Na bi bayanta na tsaya a bakin ƙofa. Ya haɗa wayar, ya danna, waƙa ta tashi. Ya dube ta ya ce, "Zauna, baiwar Allah, sai ta ƙare." Ya hau yi mata fassara kamar baƙuwa.

Ta ce, "Baba, har 'ya'ya ake gogewa?"

Ya ajiye sukudireban.

"Su ne ba sa goguwa," in ji shi. "Ni ma ina da 'ya, ita ta rage mini. In kin gan ta, ki ce ta leƙo ni. Ta daɗe ba ta zo ba."