Kuɓewa a Cikin Tiyo

A daminar da ta biyo bayan cire tallafin mai, lokacin da kowa ya koyi yin lissafi kafin ya taka tasha, aka bugo mini waya daga Bungudu. Yayana, wanda ɓarin jikinsa ya shanye har ba ya iya haɗiya, ana ba shi abinci ne ta wani siririn tiyo da aka zura masa ta hanci. To, tiyon ya toshe. Tun azahar ɗin ranar babu kunu babu magani. Idan bai buɗe ba sai an kwaso shi zuwa Gusau a sake wani, kuma duk wanda ya ga wuyar da ya sha a sawar farko ba zai so a maimaita ba.

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabcina mai mota, amma sai da rana ta fito muka bar Gusau, don yanzu ba a yi wa hanyar Tsafe sammako. Can muka fara nufa mu ɗauko 'yar Yaya da ke aure a garin, wadda ke ƙarin karatu a jami'a. Gero ya yi kai, dawa ta rufe gonaki, Dutsen Kwatarkwashi na zaune inda muka bar shi tun muna yara. A kowane shingen jami'an tsaro sai a leƙo, a dubi farin gemuna, a ce mu wuce. Ashe furfura ma takarda ce.

A Tsafe muka karya da waina. Kuɗinta ya hau, ita kuma ta rame, har maƙwabcina ya ce wannan ai jikar waina ce. Muka juyo, muka ratsa Gusau ba tsayawa, muka kama hanyar Sakkwato. A mota na tambayi 'yar me take karantawa ne da ba ya ƙarewa. Ta ce tana nazarin wasu zaruruwa da ido ba ya gani, irin waɗanda ke cikin roba da ƙaro, da yadda suke yi idan wuri ya matse su. Na ce Allah Ya sa albarka, ban dai gane ba.

Da hantsi muka isa Bungudu. Yaya na kwance, leɓɓansa sun bushe, idanunsa kaɗai ke gaishe mu. Matarsa Hajiya ta yi zuru-zuru. 'Yar ta durƙusa ta duba tiyon, ta ce, "Inna, mi kika ba shi jiya?"

"Kunu ne. Sai 'yar miyar kuɓewa da na haɗa masa. Kin san babanki da kuɓewa. Na ce abin da ke zarce wa mutum a maƙogwaro ba tauna, ai a tiyo gudu zai yi."

Wallahi ni ma da haka zan yi tunani. Duk gidan da aka yi jinya a ƙasar nan, miyar yauƙi ake nema wa mara lafiya.

'Yar ta ɗebo sauran miyar, ta ɗaga ludayi, yauƙin ya biyo shi bai tsinke ba. Ta ce wannan jan da muke gani dogayen zaruruwa ne masu yawa. A cikin kwano suna da fili, kowane ya nannaɗe ya sarƙe da ɗan'uwansa. A wuri mai ƙunci kuwa dole su miƙe, su bi a tsaye kamar maciji zai shiga rami, su kuma ba sa son miƙewa. Sai tafiya ta yi nauyi, tsakin kunu ya maƙale a tsakaninsu, idan aka bar shi ya kwana ya daskare. A nan na gane, domin na san idan ƙaro ya yi yawa a tawada, tana da kyau a kurtu, amma ba ta saukowa ta tsagar alƙalami.

Aka kira wata ma'aikaciyar jinya da ke unguwar. Ta ce ruwan ɗumi kawai, kada a yi ƙarfi. Ta cika sirinji, ta tura kaɗan, ta jawo, ta dakata. Haka ta yi ta yi, ni ina jan carbi, Hajiya na ta "Allah Ka rufa mini asiri." Har maƙwabcina ya leƙo ya ce in za a tafi Gusau gara a tafi da rana. Ba a jima ba muka ga wani koren dunƙule ya biyo ruwan baya, sannan ruwa ya wuce sumul. Hajiya ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya da hawaye, tana cewa ta saki kuɓewa saki uku.

Aka dama kunu tsararo, aka tace shi da kyau. Na ce a ba ni sirinjin. Ina turawa a hankali, Yaya na kallona, sai Hajiya ta ce, "Malam, ya sha ba ni labari cewa da mahaifiyarku ta rasu kana rarrafe, shi ke ba ka kunu da ludayi, kana zubar masa a riga. To, yau ka biya." Yaya ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama gemuna ya ja kaɗan, yadda yake ja mini kunne a da.

'Yar ta zauna wajen iyayenta. Mu muka iso Gusau kafin magariba, da damin rake da Hajiya ta cusa mana. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, ƙauna ma sai an auna ta da faɗin ƙofar da za ta bi. Alhamdu lillahi, jiya an bugo an ce Yaya ya fara haɗiye ruwa da cokali.