Goron da Baba ya aika ƙasar Sin

Muna tsakiyar darasi sai ga Baba a ƙofar aji, ransa a ɓace. Shekarar samun 'yancin kai ce, ina kolej a Zinder. An kai masa labari wai malaminmu, da muke kira mushe, yana koya mana waƙa, a gidanmu kuwa waƙa aikin maroƙa ce. Ya zo ne ya cire ni daga lakol, wato makarantar boko.

Mushe bai yi gardama ba. Ya ce in juya wa Baba waƙar da muke haddacewa zuwa Hausa, ta wani tsoho da ke kewar rijiyar garinsu da ya watse.

Na karanta masa. Baba ya dubi mushe.

"Wannan mutumin Kukawa ne?" Daga can kakanninmu suka taso lokacin da garin ya watse.

"Mutumin Sin ne, Alhaji," in ji mushe.

Baba ya laluba aljihu ya ciro farin goro. "A kai masa."

"Ai ya daɗe da rasuwa."

"To ku ci a madadinsa. Kai kuma koma ka zauna, ka kawo mini sauran waƙoƙinsa a gida."

Yau na ji jikata tana tata haddar, abin ya dawo mini. Ku fa, wane baƙo ne ya taɓa faɗin abin da ke ranku?